Lauratu Mai Turare da Gobarar Zongon Paraku

Lauratu 'yar Lado mahauci ce, haifaffiyar Jugu. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. A shekarar da Dahome ta sami mulkin kai, Lado ya ɗora ta a bayan kamyon goro, wato babbar motar kaya, ya kai ta Paraku, wurin yayarsa Gaji, don ta taso a hannun mace.

Gaji gajeriyar tsohuwa ce mai faɗa da saurin hucewa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma duk unguwar Zongo babu amarya ko maijego da ba a zo gidanta neman turaren wuta da humra ba. A ƙuryar tsakar gidan akwai wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga. Nan take ajiye kayan sana'arta: buhunan jiji da ƙaron maje waɗanda wata mata mai suna Ummuhani take kawo mata daga ƙauyukan Seru, itacen hawi da sandal da fatake da alhazai suke sauke mata, kanumfari, zuma a cikin tuluna, da ɗan ƙahon jibda da take ɓoyewa a saman katanga.

Aikin da ta fara ba Lauratu shi ne kankare farce. Wani ɓawo ne na halittar teku mai kama da farcen mutum, ɗanyensa ƙarni yake kamar ruɓaɓɓen kifi. Sai an jiƙa shi, an kankare, an soya a cikin yashi mai zafi, sannan a daka, kafin ya zama abin da ke riƙe ƙamshi a jikin tufafi. Lauratu ta yi kuka a ranar farko, ta ce ita gida za ta koma.

"Kankare da kyau," in ji Gaji. "In kika bar ƙazanta ko kaɗan, amarya za ta shiga ɗakin miji tana warin kasuwar kifi, kuma sunana za a kira, ba naki ba."

A hankali hannun yarinyar ya faɗa. Ta koyi yadda ake narka zuma ba tare da ta ƙone ba, da lokacin da ake zuba itace a ciki, da yadda ake toshe tulu a bar shi ya tsumu. Gaji ba ta yabo. In haɗi ya yi, sai ta ɗebi kaɗan ta sa a garwashi, ta shaƙa, ta ce, "To, ba laifi." In bai yi ba, duk makwabta sai sun ji.

Da Lauratu ta isa aure, ta zaɓi Usuman, wani dillalin shanu ɗan unguwar. Yana bin kasuwannin Borgu yana saye a hannun Fulani, ya loda a wago a gar, wato taragon jirgin ƙasa a tasha, ya raka su har Kotonu. Mutum ne mai fara'a da kyauta, sai dai kullum da sabuwar dabarar arziki a bakinsa. Gaji ta ce ba mai raba ta da 'yarta, don haka aka gina musu ɗaki a cikin gidan. Suka haifi 'ya mace, Zinatu. Zama ya yi daɗi, har tsohuwar takan ajiye wa Usuman ƙanzon tuwo don ta san yana so.

Wata rana ya dawo daga Kotonu da wata 'yar kwalba mai murfin zinariya. Bayan la'asar ya tsuguna gaban tabarmar Gaji, lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, ya miƙa mata.

"Gwaggo, ji wannan. Parfe ne na Faransa. A can mata rububinsa suke yi. Na tambayi wani mai butik, kantin da ake sayar da shi, ya ce babu wani asiri a ciki, ɗan turare ne kaɗan a cikin ruwan alkol. In muka yi haka da humrarki, kwalba ɗaya sai ta haifi kwalabe. Ni zan riƙa kaiwa."

Gaji ta buɗe, ta kai hanci, ta kau da kai.

"Wannan ai ƙanwar giya ce, Usuman. Matan da ke sayen kayana da shi a jikinsu suke sallah. Kuma ka ji shi yanzu da ƙarfi, kafin magariba ya tsere. Nawa sai an wanke zane ƙamshin yana nan. Ɗauke min shi daga gabana."

Usuman ya yi dariya, ya mayar da kwalbar aljihu, ya ce shi ke nan. Lauratu tana gefe tana tankaɗe jiji, ita ma ta ɗauka maganar ta mutu.

A ranin shekarar da aka canja wa ƙasar suna zuwa Benin, wani ma'aikacin reluwe da ke unguwar Kpebiye ya tashi aurar da 'yarsa, aka ba Gaji aikin kayan ƙamshi. Ranar Juma'a da hantsi Lauratu ta goya Zinatu, ta ɗora kwando a kai, ta tafi kaiwa. Usuman yana Kotonu da shanu. Ta bar Gaji a tsakar gida tana hura garwashi a kasko, ta ce za ta shiga ɗakin turare ta gwada wani sabon haɗi da ya tsumu. Idonta ba ya gani sosai, amma ta san ɗakin nan kamar tafin hannunta, don haka babu abin da ya ɗarsu a ran Lauratu.

Matan gidan biki suka riƙe ta da hira da abinci, ba ta kamo hanya ba sai da aka yi kiran sallar Juma'a. Tun tana nesa da Zongo ta fara jin ƙamshi. Ba irin wanda ke fitowa ta ƙofar ɗakin amarya ba, wannan ya cika titi, ya sauko kan mutane kamar hazo. Mata a bakin famfo sun dakata da ɗiban ruwa suna ɗaga hanci suna dariya. Wata ta ce, "Yau wace sarauniya ce ta sauka a garin nan?" Wani tsoho mai keke ya tsaya a tsakiyar hanya, ya lumshe ido, ya ja numfashi mai tsawo, ya ce, "Masha Allah."

Lauratu ma ta yi murmushi da farko. Sai hancinta ya fara rarrabe abin da ke cikin iskar: ga sandal, ga hawi, ga ƙaron maje, ga jiji, ga zuma tana ƙonewa. Gaji ba ta taɓa haɗa waɗannan a wuta ɗaya ba. Kuma sandal ɗin da zai cika gari haka, ba na kasko ba ne. Duk Paraku wuri ɗaya ne ake da shi da yawa haka.

Kwandon ya faɗi daga kanta. Ba ta waiwaye shi ba. Ta dafe goyonta da hannu ɗaya ta zura da gudu, mutane suna matsa mata suna kallonta, har wani yana tambaya ko lafiya.

Ta iske ƙofar gida cike da mata da bokitai. Maza duk suna masallaci lokacin da abin ya tashi, sai yanzu suke isowa a guje, suna tattare manyan riguna. Rufin ɗakin turaren ya riga ya lanƙwashe ya faɗa ciki. Hayaƙi fari mai kauri yana murɗawa sama, kuma ƙamshinsa ya fi duk abin da Lauratu ta taɓa ji daɗi a rayuwarta.

"Ina Gwaggo?" ta tambaya. "Inna Hajo, ina Gwaggo?"

Hajo makwabciyarsu ce, tsohuwar ƙawar Gaji. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta hana ta wucewa. Lauratu ta fizge ta nufi ƙofar ɗakin, zafi ya mayar da ita baya. Wata mata ta kwance Zinatu daga bayanta ba ta ma sani ba. Maza suka kawo taɓare da gatura suka fasa bangon baya, suka yi ta watsa ruwa da ƙasa. Da wutar ta lafa, wasu suka naɗe kai da jiƙaƙƙun buhuna suka shiga. Ba su daɗe ba suka fito da abin da suka samu a cikin tabarma.

Lauratu ta durƙusa za ta buɗe, Hajo ta danne mata hannu.

"Kada ki duba, 'yar nan. Don Allah kada ki duba."

Hannu ɗaya ya leƙo ta gefen tabarmar, da warwaron azurfa da Lauratu take gogewa da toka duk sallah. A nan kusa ne ta ji wani wari a ƙarƙashin ƙamshin, wari da 'yar mahauci ba ta buƙatar a gaya mata ko na mene ne. Ta juya ta yi amai, sannan ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar suna magana da yaren da ba ta ji.

Aka binne Gaji kafin faɗuwar rana. Wani jandarma ya zo ya zagaya wurin, ya yi 'yan tambayoyi, ya girgiza kai ya ce, "Aksida ne, madam. Se Diye." Wato hatsari ne, yin Allah ne. Ya tafi.

Ƙamshin bai tafi ba. Ya kama bango, ya kama tufafi, ya shiga ruwan randa, har tuwo in an kai baki sai a ji sandal. Masu zuwa gaisuwa sukan shigo da fuskar jimami, amma suna zama sai ka ga hancinsu yana buɗewa ba da saninsu ba. Lauratu tana ganinsu. Ta ɗaure hanci da mayafi, ta daina cin abinci sai ruwan koko.

Sai kuma magana ta fara yawo. Hajo ce ta fara ba da labarin abin da ta gani, ba da wata manufa ba. Ta ce tana wanke-wanke ta ji wani sauti kamar an fasa babban tulu, ta leƙo ta katanga, ta ga wuta shuɗiya tana fitowa ta ƙofar ɗakin tana gudu a ƙasa kamar ruwa. Sai daga baya ta zama ja. Kafin kwana ya zagayo, labarin ya canja kama. Wutar itace ba ta yin shuɗi, in ji mutane. Wannan wutar iskoki ce. Dama ta yaya tsohuwa makauniya za ta fi kowa iya turare in ba da taimakonsu ba? Sun daɗe suna mata aiki, yanzu sun zo sun ɗauki abinsu. Wasu mata suka daina cin abincin sadakar gidan. Wata amarya ta aiko a mayar da tulun humrarta, ta ce ba za ta kwana da shi a ɗaki ba.

Wannan ya fi gobarar ƙona Lauratu. Matar da ba ta taɓa barin sallar walaha ta wuce ta ba, ita ce yau ake raɗa da sunanta a bakin rijiya.

Usuman ya iso a jirgin ƙasa bayan saƙo ya same shi. Tun daga ƙofar gida ya fashe da kuka, kuka irin wanda ba a saba gani ga namiji ba, har sai da dattawa suka riƙa ba shi baki. Mutane suka ce Allah sarki, ashe haka yake son surukarsa. Lauratu ta lura da abu ɗaya: ko sau ɗaya bai kalli wajen kangon ɗakin ba. In zai je makewayi, sai ya bi ta jikin ɗaya katangar, kansa a sunkuye.

Ana gobe addu'ar bakwai, da safe, ta toshe hanci ta shiga kangon da tsintsiya da magirbi. Ta ce ko ba komai ta tattara tokar wuri ɗaya kafin baƙi su cika gida. Ta ɗaga kwanon rufi, ta ture fasassun tuluna. Kusa da inda buhunan maje suke a da, ta ci karo da wani babban bido, wato jarka ta ƙarfe, ya yi baƙi, gefensa ya tsage. Ta san duk abin da ke cikin ɗakin nan har allura, amma ba ta taɓa ganin wannan ba. Ta ci gaba da tona. Ɗan nesa kaɗan ga kaskon garwashin Gaji a kife, kuma a gefensa ga murfin bidon, lafiyarsa ƙalau, ba a fashe yake ba. Hannu ne ya murɗe shi ya ajiye.

Ta daɗe a tsaye da murfin a tafin hannunta. Sannan ta jawo bidon ta kai shi ɗakinsu, ta dire a gaban mijinta.

"Malam, mene ne wannan?"

Usuman ya dubi bidon. Ya kau da kai.

"Tambayarka nake yi. Me ke ciki?"

"Alkol," in ji shi, da ƙyar. "Na sayo a tafiyar da ta wuce. Na ce in gwada da kaina, in ya yi kyau in nuna mata, ƙila ta yarda. Na toshe shi sosai, Lauratu, na tura shi can ƙasan buhuna. Wallahi ban zaci..."

"A ɗakin da take shiga da wuta kullum."

"Na yi niyyar ɗauke shi in na dawo."

Ta buɗe hannunta ta nuna masa murfin.

"Ta ji warinsa. Ka san hancinta. Ta jawo shi, ta buɗe don ta san ko mene ne, ga garwashi a gefenta, ga ido babu. Ka gane? Kafin ta mutu ta san abin da ke ciki, kuma ta san wanda ya kawo."

Usuman ya kifa kai a gwiwa. Lauratu ta jingina da bango tana kallonsa. Mutumin da take haɗa shimfiɗa da shi, uban 'yarta, ya zauna kwana da kwanaki yana karɓar gaisuwa, yana jin ana cewa iskoki ne, bai buɗe baki ba.

"Ka ji abin da ake faɗa a kanta?"

"Na ji."

"To, gobe a wurin addu'a, ko ka faɗa da bakinka, ko in fito tsakiyar maza in faɗa da nawa."

Washegari ƙofar gida ta cika. Lado ya zo daga Jugu, yana zaune kusa da liman. Bayan an shafa fatiha, mutane suna shirin miƙewa, sai Usuman ya tashi tsaye riƙe da baƙin bidon. Ya faɗi komai: inda ya sayo, yadda Gaji ta hana shi, da inda ya ɓoye. Ya ce babu wani iska a cikin wannan magana, shi ne.

Wani dattijo ya saki carbinsa ya faɗi ƙasa. Mata a cikin gida suka taru a bakin zaure, Hajo ta ɗora hannu a ka tana salati. Lado ya miƙe a hankali. Ƙato ne mai kaurin damtse, kuma kowa ya san wuƙar sana'arsa ba ta rabuwa da ƙugunsa. Mutum biyu suka matso kusa da shi. Ya tsaya yana kallon surukinsa, ƙirjinsa yana hawa da sauka.

"Yayata ce," ya ce. "Ita ta goye ni."

Liman ya kama gefen rigarsa ya zaunar da shi, ya yi magana mai tsawo a kan ƙaddara da kuma nauyin ganganci. A ƙarshe Lado ya ce ba zai kai ƙara ko'ina ba, ya bar shi da Allah. Amma da zai koma Jugu, Lauratu ta fito da ƙunshin kayanta da 'yarta a baya, ta hau kamyo tare da shi. Usuman ya tsaya a bakin hanya, bai ce ta tsaya ba.

A Jugu ta zauna a gidan ubanta. Ta ce ita da turare har abada. In wata makwabciya ta kunna kasko, sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, zuciyarta tana tashi. Ta kama taya Lado aiki, tana wanke kayan ciki tana kai masa rumfa. Ta ɗauka maganar ta ƙare a Paraku, tunda gaskiya ta fito a gaban jama'a.

Bayan 'yan watanni, wata ranar kasuwa, tana ɗauke da ƙwarya za ta wuce layin mahauta, sai ta ga mata sun yi cincirindo a kan wani ɗan koli. Yana ɗaga murya yana talla da Hausa da Dendi.

"Ga na gaske! Gawayin ɗakin Gaji ta Paraku, turaren da aljanu suka kunna da hannunsu! Ƙwaya ɗaya a garwashi, maigida ba zai kalli waje ba!"

Lauratu ta tsaya cak. Ta ɗauka kunnenta ne. Ta kutsa cikin matan, ta ga faifai cike da baƙaƙen guntaye, wasu an ƙulle su a tsumma. Ta yi fatan ƙarya yake yi, gawayin murhu ne ya yayyafa wa turare. Ta ɗauki guda ta kai hanci. Hawi ne da ita da kanta ta jiƙa a zuma, da ƙaron maje narke a jikinsa, kuma can ƙarƙashi ga wancan warin.

"A ina ka samo wannan?"

Ɗan kolin bai san ta ba. Ya washe baki ya ce ai a can ma wawarsa ake yi. Maigidan ya kulle gida ya bar gari, mutane suna haurawa ta katanga suna tonowa. Har ƙasar wurin ana ɗiba. Ya ce shi ma da ƙyar ya samu.

Ƙwaryar ta suɓuce daga kanta. Ta kwance mayafinta, ta shimfiɗa a ƙasa, ta ɗauki faifan ta juye duka a ciki. Mutumin ya yi ihu ya cafki hannunta. Mahautan da ke layin ubanta suka miƙe tsaye gaba ɗaya, sai ya sake ta.

"Ku saurare ni," ta ce wa matan, muryarta ta fita da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba. "Gaji gwaggota ce, ita ta raine ni. Babu aljani a wannan magana. Ruwan alkol ne ya kama wuta. A kan wannan gawayin ta ƙone. Abin da kuke saye ku kai ɗakin mazajenku, da naman jikinta a ciki."

Wata mata ta yi ƙara ta yar da ƙullin da ke hannunta kamar ta taɓa kunama. Wasu suka matso suka zuba nasu a mayafin suna istigfari. Amma Lauratu ta ga wata, mai shiga ta alfarma, ta cusa nata a ƙugun zane ta sulale cikin kasuwa. Wannan ta daɗe ba ta manta da shi ba. Takan ce a duk abin da ya same ta, babu wanda ya ɗaure mata kai kamar matar nan.

Da yamma ita da Lado suka haƙa rami a gefen maƙabarta suka binne ƙunshin. Lado ya aika Paraku, aka rushe sauran kangon, aka kwashe ƙasar aka dandaƙe wurin.

Usuman yakan zo Jugu lokaci-lokaci. Ya rame, dariyar nan ta tafi. Yakan zauna a zaure, a kawo masa abinci, ya ɗora Zinatu a cinya. Lauratu takan fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma. Ya roƙe ta ta dawo, ya ce zai kama gida a wata unguwa, ko ma a wani gari.

"Malam, ba ƙinka nake yi ba," ta ce masa wata rana. "Ka yi abin da ba kowa zai iya ba, da ka tsaya a gaban mutane. Amma na gwada zuciyata, ba ta iya kwana ɗaki ɗaya da kai. Ka sawwaƙe min."

Ya sawwaƙe mata. Bai daina aiko wa 'yarsa da tufafin sallah ba har ta girma.

Da kaka ta yi, Ummuhani ta sauko daga Seru da buhun jiji a kai. Ta ji labarin rasuwar, ta ji Lauratu tana Jugu, ta zo gaisuwa, kuma ta ɗauka sana'a tana nan. Lauratu ta ce mata ta daina.

"To, ni dai ba zan koma da shi ba, wuyana ya gaji," in ji Ummuhani. Ta jingine buhun a bayan ƙofa ta tafi.

Buhun ya daɗe a wurin. Jiji ɗanye ba ya warin hayaƙi, ƙamshinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, kuma Lauratu ta lura ba ya tayar mata da zuciya. Wata rana fatar Zinatu ta bushe tana tsagewa, yarinyar kuma ta ƙi man kaɗanya saboda warinsa. Lauratu ta ɗebi jiji kaɗan ta daka da kanumfari, ta cuɗa a cikin man, ta ajiye kwanon a rana ya narke da kansa, ta tace da ƙyalle. Yarinyar ta yarda aka shafa mata. Matar makwabci ta ɗauke ta, ta shinshina wuyanta, ta tambayi me aka sa mata.

Haka sana'ar ta dawo ta wata ƙofa. Man kaɗanya ba ya yankewa a ƙasar Jugu, kuma matan Seru suka riƙa kawo mata shi tare da jiji da furen lemu. Ta koyi barin haɗi ya tsumu a rana maimakon wuta. Ta sami wuri a kasuwa kusa da masu mai, da ƙananan kwanoni jere a gabanta, har 'yan kamyo suka riƙa saya suna kai wa matansu Natitingu da Kandi. In aka tambaye ta turaren wuta, sai ta nuna wata rumfa a can gaba, ta ce a je can. Masu sayen da suka san dalili ba sa tambaya.

Ba ta sake aure ba, ba ta kuma yi arzikin a-zo-a-gani ba, amma ta riƙe kanta, ta riƙe Lado da tsufa ya kama shi, ta aurar da Zinatu a ɗakinta. Ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Hanyar Seru ta yanke saboda ruwa a makon nan, mota ba ta wucewa, amma matan ƙauyen da suka yi shekaru suna kawo mata kaya suka tako da ƙafa cikin taɓo, suka iso ana shirin fita da ita.